Daga Hanji Zuwa Hanta: Tarihin Wani Zargi

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Fiye da shekara 100 ke nan likitoci suna zargin cewa ƙananan halittun nan da ke zaune cikin hanjin ɗan Adam, watau bakteriya, suna da hannu a cututtukan jiki. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu bi sawun wannan zargi, mu ga inda ya kwana game da sankarar hanta.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san cewa jinin da ya taso daga hanji ba ya zarcewa zuciya, sai ya bi wata babbar jijiya ya shiga hanta tukuna. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin hanta ta nan yake zuwa. Saboda haka duk dafin da ya tsallake bangon hanji, hanta ce ke fara karɓarsa.

A 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya bayyana bakteriyar da ke cikin hanjin jarirai. A 1907 kuma Elie Metchnikoff, masani Barashe da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta Faransa, ya ce dafin bakteriyar hanji ne ke gaggauta tsufa, ya ba da shawarar a riƙa shan nono mai tsami. Wasu suka wuce gona da iri. Arbuthnot Lane, likitan fiɗa a Landan, har yanke wa marasa lafiya babban hanji ya riƙa yi. Da aka rasa hujja mai ƙarfi, sai likitoci suka yi watsi da zancen.

Daga nan hankali ya koma wani wajen. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Bincike ya gano dafin fumfuna da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta. A 1965 Baruch Blumberg na Amurka ya ba da rahoton wata alama a jini wadda ta kai ga gano bairos ɗin ciwon hanta nau'in B. A 1981 Palmer Beasley ya nuna, bayan bin lafiyar maza 22,707 a Taiwan, cewa haɗarin sankarar hanta ga mai ɗauke da bairos ɗin ya ninka na wanda ba ya ɗauke da shi fiye da sau 200.

To, ashe zancen hanji bai mutu ba. A 2012 Robert Schwabe da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka gwada ɓeraye masu raunin hanta. Waɗanda aka kashe wa bakteriyar hanji da magani, ƙarin da ya fito musu bai kai na sauran ba. Suka ce bakteriyar ba ita ke kunna wutar sankara ba, amma ita ke hura ta. A 2013 Naoko Ohtani da Eiji Hara da jama'arsu a Japan suka nuna cewa ƙiba tana sauya bakteriyar hanjin ɓera, har ta riƙa juya ruwan matsarmama ya zama wani sinadari mai cutar da hanta.

A taƙaice, tarihin nan yana koya mana abu biyu. Na ɗaya, ra'ayin da aka jefar don rashin hujja yana iya dawowa in hujja ta samu. Na biyu, yawancin wannan hujja daga ɓeraye ta fito, don haka kada wani mai tallan maganin wankin ciki ya ruɗe mu kamar yadda aka ruɗu a zamanin Lane. A Afirka ta Yamma manyan masu laifi su ne ciwon hanta nau'in B da fumfunar gyaɗa da masara. Shi ya sa aka fara gwajin rigakafin jarirai a Gambiya a 1986. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini, da rigakafi, da shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu. Allah Ya ba mu lafiya, amin.