Daga Kujerar Ciyaman Zuwa Ta Minista: Tafiyar A.T.M. Gwarzo

Yau na ɗan jingine zancen littattafai na leƙa tarihin siyasar yammacin Kano, wato yankin Gwarzo da Kabo, ƙananan hukumomi biyu maƙwabta masu kujerar majalisar wakilai guda. Duk mai bin siyasar Kano ya san yankin nan bai taɓa rasa manya ba. Sanata Bello Hayatu Gwarzo ya daɗe yana wakiltar Kano ta Arewa, har ya zama mai tsawatarwa a majalisar dattawa. Barau Jibrin, mutumin Kabo, ya shiga majalisar wakilai a 1999 daga mazaɓar Tarauni, ya zama sanata a 2015, sannan mataimakin shugaban majalisar dattawa a 2023. A zaɓen gwamna na 2023 kuwa, manyan jam'iyyu biyun duk nan suka zo neman mataimaki: NNPP ta ɗauki Aminu Abdussalam Gwarzo, APC ta ɗauki Murtala Sule Garo na Kabo. To amma wanda nake son mu bi sawunsa shi ne Injiniya Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo, wanda magoya bayansa ke wa laƙabi da Ruwa Baba, domin shi ya taka matakan mulki uku ɗaya bayan ɗaya.

Matakinsa na farko shi ne shugabancin ƙaramar hukumar Gwarzo. Mai karatu zai tuna cewa kafin gyaran 1976 mulkin karkara a hannun En'e yake, daga sarki sai hakimi sai dagaci sai mai unguwa. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, da niyyar kusanto da mulki ga talaka. Shi ciyaman ba shi da wurin ɓuya. Wanda rijiyar garinsu ta ƙafe ya san ƙofar gidansa, malamin firamaren da albashinsa ya makara zai tare shi a masallaci, in ya je jana'iza ma sai an tuna masa zancen kwalbati. A irin wannan makaranta A.T.M. ya yi suna.

A 2007 Malam Ibrahim Shekarau ya ɗauko shi ya zama abokin takararsa a ANPP, maimakon Injiniya Magaji Abdullahi da ya yi masa mataimaki a zangon farko. Suka ci zaɓe, ya yi shekara huɗu yana mataimakin gwamna. Kujera ce mai girma da jiniya da 'yan rakiya, sai dai tsarin mulki bai ba ta wani aiki na kanta ba, sai abin da gwamna ya ga damar miƙowa. Da 2011 ta ƙarato, Malam Shekarau ya karkata ga Malam Salihu Sagir Takai a matsayin magajinsa. A.T.M. ya bar ANPP ya koma ACN, jam'iyyar su Bola Tinubu, ya tsaya takarar gwamna. Bai yi nasara ba, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP ne ya dawo gidan gwamnati.

Wannan faɗuwa ita ce ta zama jarinsa daga baya. A 2013 ACN da CPC da ANPP suka dunƙule suka zama APC, shi kuwa ya riga ya shiga sahun mutanen Tinubu a Kano tun lokacin da jam'iyyar tsintsiya ba ta da kasuwa a Arewa. Shekara goma sha biyu bayan waccan takara Tinubu ya zama shugaban ƙasa, kuma ranar 21 ga Agusta 2023 aka rantsar da A.T.M. a matsayin ƙaramin ministan gidaje da raya birane, ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, mutumin Katsina. Ranar 23 ga Oktoba 2024 sanarwa ta fito daga fadar shugaban ƙasa cewa an sauke ministoci 5, har da shi, aka ba Yusuf Abdullahi Ata, tsohon kakakin majalisar dokokin Kano, kujerar. Wata 14 ke nan. Bayanin da shi da kansa ya yi wa manema labarai shi ne an ce masa muƙamai sun yi wa Kano ta Arewa yawa.

Abin lura a nan, jama'a, duk matakin da ya hau sama, sai yawan masu riƙe da igiyarsa ya ragu. A Gwarzo sai da yardar jama'ar gari. A gidan gwamnati sai da yardar gwamna. A Abuja kuwa takarda ɗaya ta isa. Duk da haka ban san ɗan siyasar da ya sauka daga minista ya ce zai koma ya nemi ciyaman ba, mu a wurinmu wannan faɗuwar baƙar tasa ce.

A Italiya an yi akasin haka. Giorgio La Pira yana cikin majalisar da aka zaɓa a 1946 don rubuta tsarin mulkin ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma riƙe ƙaramin ministan ƙwadago, amma a 1951 ya koma ya zama magajin garin Fulorans. A 1953, da za a rufe masana'antar Pignone ma'aikata su rasa abinci, shi ya matsa wa Enrico Mattei, shugaban kamfanin man ENI, uwar Agip ɗin nan da muka sani, har ya karɓi masana'antar. Da wannan aiki na gari ake tuna shi.

Me ya sa namu ba sa komawa? Ni a ganina dalilin yana cikin sashe na 162 na tsarin mulkin 1999, wanda ya sa kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Da wannan asusu gwamnoni suka mayar da ciyamomi tamkar yaran gida, wani lokaci ma a ƙi yin zaɓe a naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, 44 daga ciki na Kano ne. Hukunci daban, aiwatarwa daban.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na Gwarzo da Kabo, mu riƙa sa ido kan wanda zai zauna a sakatariya kamar yadda muke zumuɗin wanda zai tafi Abuja, domin asibitin ƙauye da ajin firamare da hanyar kasuwa a hannunsa suke. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.