Daga Tandun Kwalli zuwa Kantar Kanti: Tarihin Hulɗar Mai Saye da Mai Sayar da Kayan Kwalliya a Ƙasar Danja

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin kasuwancin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga manyan hajoji, watau goro da gishiri da kanwa da tufafi da ƙiraga. Ba safai akan waiwayi ɗan koli da faifan kwallinsa ba, duk da cewa da wuya a sami gidan da hajarsa ba ta shiga ba. Wannan maƙala za ta dubi abin da mai saye yake tsammani daga mai sayar da kayan kwalliya, da yadda wannan tsammani ya yi ta sauyawa daga ƙarni na 19 zuwa yau. An ɗauki ƙasar Danja ta kudancin Jihar Katsina a matsayin misali, domin ƙasa ce ta manoma da ke maƙwabtaka da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ta kuma yi kusa da Zariya da ƙasar Kano, saboda haka duk wani sabon abu da ya shigo waɗannan garuruwa ba ya daɗewa bai iso ta ba. Abin da za a nuna shi ne, haƙƙin mai saye ya girmi kanti a ƙasar Hausa, kuma ginshiƙinsa biyu ne: mai saye ya san haja, ya kuma san mai haja. Duk sa'ad da ɗayan biyun nan ya raunana, sai haƙƙin ya raunana tare da shi.

2.0 Hajar da Asalinta

Kayan kwalliyar Bahaushiya na dauri iri biyu ne. Akwai na gida, kamar lalle da man kaɗanya da katambiri da shuni da furen taba wanda ake rina haƙora da shi. Akwai kuma waɗanda fatake suke kawowa daga nesa, kamar kwalli da miski da kanumfari da lubban da wardi da madubi. Harshe ma shaida ne a nan, gama kalmomin kwalli da miski da jibda da wardi da sabulu duk daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna hanyar da sanin waɗannan abubuwa ya biyo.

Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun tabbatar da wannan. Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ga kwalli cikin hajojin kasuwa, ya kuma bayyana yadda mata suke ƙunshi da rinin haƙora. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya lissafa man wardi da lubban da kanumfari da ƙananan madubai da duwatsun wuya cikin abin da ayarin raƙuma yake ƙetarowa da shi ta hamada. Daga manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), sai 'yan koli su sari kaɗan-kaɗan su bazu cikin kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako. Ta haka ne hajar da ta taso daga Tarabulus take ƙarewa a tandun wata amarya a ƙasar Maska ko Danja.

3.0 Ka'idojin Ciniki na Dauri

Abu na farko da mai saye take tsammani shi ne a bar ta ta gwada. Ba a cinikin biri a sama, in ji Hausawa. Kwalli dutse ne mai ƙyalli, ana ɗauka a juya shi a rana, a murza ɗan ɓarɓashinsa a bayan hannu a ga baƙinsa da laushinsa. Lalle ana duban korensa, a shinshina, a murza tsakanin yatsu don a gane ko an cuɗa shi da wani ganye ko rairayi. Turare kuwa sai an ɗiga mata a hannu, in na wuta ne a jefa ɗan kaɗan a garwashi. Ɗan kolin da ya hana gwaji ya jawo wa hajarsa zargi da kansa.

Abu na biyu shi ne ladabin ciniki. Akan fara da gaisuwa. Ɗan koli yakan kira babbar mace Inna ko Gwaggo, matashiya kuwa Amarya ko Uwargida, ita kuma ta kira shi Malam ko Mai koli. In ta taya bai yi masa ba, ba ya cewa a'a, sai ya ce albarka. In ta ƙara har ya yi masa, sai ya ce ya sallama. Waɗannan kalmomi biyu suna kare mutuncin kowa, domin wadda ta taya da araha ba a kunyata ta ba, wanda ya ƙi sayarwa kuma bai kori abokiyar ciniki ba.

Abu na uku shi ne gyara, watau ɗan ƙarin da ake yi bayan an gama awo. Clapperton ya lura cewa a kasuwar Kano mai sayarwa yakan mayar wa mai saye kashi 2 cikin 100 na kuɗin ciniki da sunan neman albarka. Gyaran da ake yi wa mai sayen lalle ko turaren wuta ɗan'uwan wannan al'ada ne, kuma mace takan auna kirkin ɗan koli da yawan gyaransa.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne mayar da haja in an sami aibi. Clapperton ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda in an kai shi Barno aka kwance aka tarar ba shi da kyau, sai a komo da shi Kano, a nemo dillalin, a tilasta wa mai kayan ya mayar da kuɗi. Ko da yake a kan tufafi ya yi wannan bayani, tushen ka'idar ya game kowace haja, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun hana algus da ɓoye aibi da cuɗa mai kyau da maras kyau, sun kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Kalmomin algus da dillali da la'ada su ma daga Larabci suka shigo. In gardama ta tashi, Sarkin Kasuwa yana nan, in ta fi ƙarfinsa sai gaban alƙali.

4.0 Kasuwar Cikin Gida

Sai dai mafi yawan masu amfani da kayan kwalliya matan aure ne, kuma yayin da kulle ya yaɗu daga birane zuwa ƙauyuka a ƙarni na 20, da yawansu suka daina zuwa kasuwa. Wannan ya haɓaka wata kasuwa ta biyu wadda ba ta da rumfa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta kira irin wannan ciniki ɓoyayyen kasuwanci, ta nuna cewa abin da ake juyawa a cikin gidaje ba ƙarami ba ne. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a Giwa da Zariya aka buga a 1954, ya fito ne daga ƙasar da ke dab da Danja, kuma ya nuna irin matsayin da lalle da kyaututtukan ado suke da shi a aure da ƙawance.

A wannan kasuwa dillaliya ce da 'yar talla suke tsaye a matsayin ɗan koli. Dillaliya takan shiga har ɗaka, ta kwance ƙunshinta a kan tabarma, ta bar haja ta kwana don a gwada, ta ba da bashi zuwa ranar kwasar adashi. Bugu da ƙari, ana tsammanin ta da abin da ba a nema wurin ɗan koli, watau shawara da riƙon asiri. Ita ce za ta gaya wa amarya turaren da ya dace da ita, kuma ba a yarda ta kai labarin abin da uwargida ta saya ɗakin kishiya ba. Jarinta na gaskiya shi ne amincin da aka ba ta. Ran da aka kama ta da algus ko tsegumi, ƙofofin unguwa gaba ɗaya sukan rufe mata, ba tare da an kai ƙara ko'ina ba.

5.0 Auduga, Jirgin Ƙasa da Kanti

Babban sauyi ya zo ne tare da auduga. Ƙungiyar Turawan Ingila ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta sami ƙasar kudancin Katsina da arewacin Zazzau ta dace da bukatarta, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙaura Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna a garuruwan da ke bakin dogo, suna sayen amfanin gona suna sayar da kayan Turai. Sule da sisi da kwabo suka maye gurbin wuri. Manomin Danja da ya kai audugarsa fuloti da kaka yakan komo da tsabar kuɗi, kuma da yake bayan kaka ne aka fi ɗaura aure, wani kaso na kuɗin yakan tafi ga kayan lefe: hoda da jan baki da gazal da man shafawa da sabulun ƙamshi da turaren kwalba. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Ingila ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano, ya sami karɓuwa ƙwarai saboda na mai ne, babu barasa a cikinsa.

Kalmomin kanti da kanta da hoda daga Ingilishi aka aro su, kuma sun zo da sabuwar ɗabi'a. Kanta katanga ce tsakanin mai saye da haja. Farashi a yanke yake, babu tayi, babu albarka, babu gyara. Haja kuma a rufe take cikin kwalba ko gwangwani, ba a buɗewa sai an biya. Manyan shaguna irin su Kingsway, wanda aka buɗe a Ikko a 1948, sun kawo tsarin ware sashe na musamman don kayan shafa, amma wannan ya tsaya ga ma'aikata da masu hali na birane. Abin da ya iso ƙauye shi ne kwalbar kanta, a kan teburin mai tireda da faifan ɗan koli. Ginshiƙi na farko ya fara girgiza ke nan, gama hanci da yatsa ba su ratsa murfi. Mai saye ta koma dogara ga tambari, ta riƙa kiran haja da hoton da ke jikinta tun da ba ta karanta rubutun.

6.0 Zamanin Jabu da Hukuma

A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Kayan waje suka yi tsada, kuɗin manomi ya ragu, sai kasuwar jabu ta buɗe. Tambarin da aka dogara gare shi ya zama abin kwaikwayo. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan abin ya wuce rashin ado, domin mayukan sauya launin fata da suka yawaita wasunsu suna ɗauke da sinadarai irin su makyuri da haidurokwinon, masu ƙona fata, na farkon har yakan taɓa ƙoda. Aibin irin wannan haja ba ya bayyana sai bayan watanni, lokacin da babu sauran abin da za a mayar, shi kansa mai shagon kuwa sau da yawa bai san abin da ke cikin abin da ya saro ba.

Wajibi ne a faɗi cewa gwajin dauri ma yana da iyaka. Binciken kimiyya ya nuna cewa dutsen kwalli yana ƙunshe da dalma, wadda take da illa musamman ga jarirai, kuma babu murzawar da za ta nuna haka. Saboda haka shigowar hukuma cikin al'amarin ta zama tilas. An kafa majalisar kare haƙƙin masu saye a 1992, aka kafa hukumar NAFDAC a 1993 aka ɗora mata kula da abinci da magunguna da kayan shafa. A 2023 hukumar ta bayyana shafe-shafen sauya launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa mai sayen kayan kwalliya a ƙasar Danja ta gaji abubuwa huɗu daga kasuwar dauri, watau gwaji da ladabi da gyara da mayarwa, ta kuma gaji shawara da riƙon asiri daga dillaliya. Ladabi da tayi ba su gushe ba, har yanzu ana cewa albarka, ana kiran mace Hajiya ko Anti a bakin shago. Gwaji da mayarwa su ne suka raunana, alhali kuwa su ne masu kare lafiya da dukiya. Lambar rajistar hukuma da ake bugawa a jikin kwalba ita ce a yau take ƙoƙarin yin aikin da sunan dillali yake yi a cikin ƙunshin turkuɗi shekaru 200 da suka wuce. Bambancin shi ne, dillalin Kano ana iya nemo shi a kasuwa a riƙe rigarsa, lamba kuwa ba ta amfani sai ga wadda ta iya karanta ta, ta kuma san inda za ta kai ƙara. Akwai aiki a nan ga malaman makarantun 'yammata da na yaƙi da jahilci. Akwai kuma aiki ga ɗaliban harshe da al'ada, domin tsofaffin 'yan koli da dillalan da suka ga zamanin fuloti suna ƙarewa, kuma kalmomin awo da gwaji da suka sani ba a tattara su duka a ƙamus ba.