Me Ya Sa Injin 2JZ Ya Ƙi Mutuwa?

A 1989 kamfanonin motocin Japan suka yi yarjejeniyar fatar baki: kada wanda ya tallata mota a gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Ana cikin haka Toyota ta ƙera injin 2JZ-GTE, ta fara sa shi a Aristo a 1991, sai Supra a 1993.

Lita 3 ne, silinda shida a jere, turbo biyu. A Japan an rubuta masa doki 280, na Amurka kuwa 320.

To ina sirrin ƙarkonsa? Gangar jikinsa zubin baƙin ƙarfe ce, ba alminiyam ba. Ana fesa baƙin mai ƙarƙashin kowane fistin don rage zafi. Matsin silinda 8.5 ne kacal, don kada fetur ya kama da wuri idan turbo ta danno iska.

Wato an gina shi ya jure fiye da aikin da aka ba shi, ko da yake hakan ya ƙara masa nauyi. Shi ya sa makanikai ke ninka ƙarfinsa ba su canza gangar ba. Dokar hayaƙi ta tsayar da ƙera wannan Supra a 2002, amma har yau ana farautar injinta.