Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Tarihin Kayan Ajiya a Gidan Bahaushe

Ranar da aka buɗe ɗakin kakata bayan rasuwarta, ni aka sa na riƙa fito da kaya. Na fito da adudu da lefe da faifai da tandun kwalli, sannan na kwance ragaya guda biyu daga jikin azara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin ƙannena babu wanda ya iya faɗin sunan ko da rabin kayan nan. Dalilin wannan ɗan rubutu ke nan, domin mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura cewa in kaya ya fita daga ɗaki, sunansa ma yana hanyar fita daga baki.

A zamanin da, kusan duk mazubin da ke gidan Bahaushe daga gona ko daji ko kududdufi ya fito. Duma ita ce uwa. Daga jikinta ake samun ƙwarya da masaki da ƙoƙo da ludayi da gora da jallo. In ta nuna sai a fafe ta, a kankare ɗacin, a shanya, aikin da ba ya yiwuwa da gaggawa, shi ya sa ake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yumɓu magina ke gina randa da tulu da tukunya da kasko. Masassaƙi ya sassaƙa akushi, masu saƙa su saƙa faifai da lefe da kwando, a ƙera tandu da fata. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda aka kafa kasuwar Kurmi a lokacinsa, irin waɗannan sana'o'i suke ciyar da jama'a.

Kowane ɗaya kuwa da aikin da yake yi ban da riƙe abin da aka zuba masa. Randa jikinta na tsattsafo, ruwan da ya fito ya bi iska ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ragaya tana rataye ƙwaryar nono ko fura inda ɓera da kyanwa ba sa kaiwa. Rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi. Wake kuma ana cuɗa shi da toka don ƙwari. Fatake suna naɗe goro cikin ɗanyen ganye su yi huhu, ya taso daga Gwanja ya iso Kano bai bushe ba. Har ila yau kayan nan su ne tsarin ɗakin mace, ita ce mai jere, ta san mazaunin kowane abu ko da cikin duhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen kayan. In ƙwarya ta tsage, gyartai ya ɗinke ta. In ta fashe ɗungurungum ta zama sakaina, a kwashe shara da ita. Tukunya in ta mutu ta zama tsingaro, a ba kaji ruwa a ciki ko a ɗebo wuta. Abin da ya saura ya tafi juji, ya ruɓe, a kai shi gona taki.

Canji ya zo ne hawa-hawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da kwanuka da langa da tasoshi, har kwalla da kumbo suka kori ƙwarya daga jeren amare. Su dai waɗannan ƙarfe ne, suna daɗewa, uwa takan bar wa 'yarta. Roba ce ta zo da wata sabuwar al'ada. A Ingila aka gano sinadarin da ake yin leda da shi a 1933, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ya tsara jakar leda mai hannu, aka yi mata rajista a 1965. A ƙasarmu kuwa, ruwan leda ya bazu a shekarun 1990. Daga nan muka koyi sayen mazubin da za a yar cikin minti biyar.

Ba na cewa kayan da ba su da aibi. Tulu yana da nauyi, yana fashewa, randar da kowa ke tsoma moɗa ɗaya a ciki tana iya yaɗa cuta. Roba ta sauƙaƙa wa mata ɗaukar ruwa, wannan gaskiya ce. Amma leda ba ta ruɓewa. Ita ke toshe magudanan ruwa da damina, mahauta kuma sun sha ciro ta a dunƙule daga tumbin akuya da saniya. Ƙasar Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Hikimar da ma tana iya sabon aiki. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai ga tumatir da gauta suna kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, duk wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffi ya rubuta sunayen kayan nan da amfaninsu. In hali ya yi, a saya wa gida randa da faifai, a tafi kasuwa da kwando. Ni dai ragayar kakata tana rataye a ɗakina, a cikinta nake ajiye albasa.