Rabon Ruwa da Rabon Intanet: Tarihin Wata Ƙa'ida a Ƙasar Garun Mallam

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya fara gangarowa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, manoman wannan yanki suka san wata matsala. Wanda gonarsa ta ke bakin magudana shi ke fara sha, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita aka ɗora wa tsaron wannan rabo.

Irin wannan matsala ce ta sake ɓullowa a sha'anin sadarwa. A da, wayar tarho tana hannun Gwamnati, ta tsaya a manyan birane. A 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, a 2001 aka sayar wa kamfanoni lasisin wayar salula, sa'an nan dokar 2003 ta ƙarfafa ikon hukumar. Daga nan mai tumatir a Kwanar Gafan ya sami halin jin farashin Legas kafin ya yi lodi.

To, amma mai hanya yana da ikon fifita wani saƙo bisa wani? Wani malamin shari'a na Amurka, Tim Wu, shi ya raɗa wa ƙa'idar suna a 2003, watau kamfani ya bi da kowane saƙo daidai, kada ya toshe, kada ya rage wa wani gudu. Amurka ta kafa ta a 2015, ta soke a 2017, ta maido a 2024, kotu ta rushe a 2025. Nijeriya kuwa ta sa ta cikin ƙa'idojin intanet na 2019.

Sai dai ƙa'idar kamfani ta ɗaure, ba ta ɗaure Gwamnati ba. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an rufe Twitter, a Satumba 2021 kuma aka yanke layuka a Zamfara da wani sashe na Katsina saboda 'yan bindiga.

Ya kamata malamai su lura: a karkara, maganar daidaita saƙo ba ta da amfani sai layin ya iso tukuna, ya iso da araha, a kuma san wanda ke riƙe da makullinsa. Manomin ƙarshen magudana ya daɗe da sanin haka.