La'adar Mai Gida: Tarihin Kartar Foka a Intanet

A labaranmu mukan zana ɗan caca a matsayin wanda abokin wasa ya cinye a dare ɗaya. Tarihin foka, wato kartar kuɗin da ta yi ƙarfi a Amurka, ya nuna wata hanyar talaucewa mai tafiya a hankali, kuma ita za mu duba yau.

A foka 'yan wasa junansu suke ci, mai gida ba ya karɓar kati. Abin da yake samu la'ada ce daga kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur a kowane zagaye. Shafin Planet Poker, wanda ya fara wasa da kuɗi na gaske ranar 1 ga Janairu 1998, ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, iyakarsa dala 3 a zagaye, kuma shafukan da suka biyo baya suka yi koyi da shi.

Mu yi lissafi. A ƙaddara mutum shida sun zauna, kowa da dala 100, jimilla dala 600. Idan ana tara dala 20 a zagaye, la'ada dala 1 ce. Kwamfuta ba ta ɓata lokaci wajen rabon kati, don haka a ce zagaye 60 a awa, dala 60 ke nan. In ƙwarewarsu ɗaya, kuɗi na ta kai-komo a tsakaninsu, cikin awa goma duk dala 600 ɗin ta koma wurin wanda bai buga ko sau ɗaya ba.

Kasuwar ta buɗe sosai a 2003, lokacin da wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya sami gurbi a babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas ta hanyar ƙaramar gasa a PokerStars wadda kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba, ya kuma cinye dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga gasar a shekarar. A 2006 sun kai 8,773.

Nan aka shiga yaƙin garaɓasa. Tallar da ta yi fice ita ce: zuba kuɗi karon farko mu ninka maka, har dala 600. Amma wannan gyara ba irin ta mai awo ba ce da ake ƙara maka a take. Ana sakinta kaɗan-kaɗan gwargwadon la'adar da ka biya, kuma tana da wa'adi. Kafin ka karɓe ta duka ka biya fiye da ita. Sai kuma tsarin mayar da wani kaso na la'ada, kamar kashi 27 cikin ɗari da masu wasa a Full Tilt Poker suka riƙa samu ta hannun dillalai. Wa ya amfana? Ƙwararru masu buɗe tebura goma ko fiye a lokaci guda, suna jiran sabon shiga da talla ta jawo.

A Oktoba 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta hana kamfanonin caca ta intanet karɓar kuɗi ta bankuna a kan cacar da doka ba ta yarda da ita ba. PartyPoker ya fice daga Amurka, PokerStars da Full Tilt suka zauna. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin shafukansu. A nan asiri ya tonu. Masu gabatar da ƙara a New York sun ce 'yan wasa na bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa na banki kimanin miliyan 60 ne, kuma masu kamfanin sun raba wa kansu sama da miliyan 440 tun 2007. Lambar da mutane ke gani a allo ba ta da kuɗi a bayanta. A 2012 PokerStars ya sasanta da gwamnati a kan dala miliyan 731 ya karɓe Full Tilt, amma 'yan wasan Amurka sai a 2014 suka fara ganin kuɗinsu.

Ƙwararrun ma ba su tsira ba. A 2014 kamfanin Amaya na Kanada ya sayi PokerStars a kan dala biliyan 4.9. A ƙarshen 2015 aka sanar da zaftare ladan manyan 'yan wasa, har da masu matsayin Supernova Elite, waɗanda suka shafe shekara suna tara maki miliyan ɗaya da sa ran moriya a shekara mai zuwa. Suka yi yajin wasa na kwana uku a farkon Disamba, kamfanin bai janye ba. Mai gida ne ke rubuta sharaɗi, shi ne kuma ke sauya shi.

Foka ba ta yi kasuwa a wurinmu ba, amma dabarar ta iso, tana cikin manhajojin cacar ƙwallo da ke wayoyin ƙannenmu, da kyautar maraba wadda ba ta ciruwa sai an juya ta sau da yawa. Idan za mu rubuta irin wannan matashi, kada mu tsaya ga wa'azi kawai. Mu nuna shi ƙarfe biyun dare yana kallon saƙon da ke cewa saura kwana uku garaɓasarsa ta ƙare, yana lissafin abin da zai ƙara zubawa don kada ya yi asarar kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta wannan fage cikin kalmomi 200 ya ajiye a ƙasa, mu gyara wa juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.