Yadi da Mita a Zangon Agege

A farkon shekarun 1970 Najeriya ta yi sauye-sauye uku a jere: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, sannan dokar awo ta 1974 ta ɗora ƙasar kan mita da kilo. Biyun farko sun zauna daram. Na ukun har yau bai gama shiga kasuwa ba, kuma Zangon Agege da ke Legas shaida ne. Mai shadda da yadi yake aunawa, turmin atamfa yadi 6 ne, tela da inci yake ɗaukar awon kafaɗa. Kasuwar da motocin tumatir da albasa ke sauka daga Arewa ma tana nan da sunanta na Mile 12.

Wasu na ɗora wannan kan jahilci ko taurin kai, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Kafin zuwan Turawa, da kamu ake auna ƙyalle, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma hannun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Da yadi ya shigo tare da kayan masaƙun Ingila, jirgin ƙasan da ya ratsa Agege kuma ya kai shi Kano a 1912, fatake suka karɓe shi domin ya raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mita ba ta zo da irin wannan amfani ba. Ta tarar da awo tsayayye, wanda masaƙa ke yanka a kansa, tela ya san rigar da zai fitar. Yadi mita 0.9144 ne cif. Wa zai bar "yadi shida" ya koma faɗin mita biyar da rabi, alhali turmin bai ƙaru ba?

Masu cewa awo biyu ƙofar cuta ne suna da hujja, sai dai ba a rumfar atamfa cutar ta fi yawa ba. A cinikin fili take. Ana ciniki da ƙafa, takardar safiyo da ake kaiwa ofishin filaye na Alausa a Ikeja kuma da murabba'in mita take magana. Fuloti a Legas yawanci ƙafa 60 ne a 120, kusan murabba'in mita 669. Wanda aka saba da shi a Arewa, 50 a 100, bai wuce 465 ba. Ɗan kasuwar da bai iya wannan lissafi ba yana iya biyan kuɗin babba a miƙa masa ƙarami, takarda kuma ta goyi bayan wanda ya sayar masa.